Furen Yayana da Muka Cinye

Daga Allah muke, wurinSa za mu koma, Yayana kuwa ya riga ni kama hanya. Ya rasu cikin bazarar da ta wuce a gidanmu na Madarunfa, a ɗakin da aka haife mu ni da shi. Saƙon ya same ni a Kwatano, ina jiran kaya a bakin jirgin ruwa. Kafin in haɗa mota da mota in iso, an riga an kai shi makwancinsa. Na sauka da hantsin ranar sadakar uku, na tarar da ƙofar gida cike da tabarmi.

Na zauna ina karɓar gaisuwa. Liman ya ce tun da ya gaji limanci bai taɓa juyowa bayan sallar Asuba ya rasa marigayi a sahun gaba ba. Masuntan tabki suka zo da ƙarnin kifi a rigunansu, suka ce shi ne mai cika musu randar ruwan sha a bakin garkarsa, wato lambunsa. Amma duk wanda ya yabe shi, da magana ɗaya yake rufewa: "Mutumin kirki ne, sai dai hure." Wani dillali daga garin Ɗan Isa ya gyara hula ya ce, "Da albasa ya zuba ma wurin nan da shike ɓatawa da hure, wallahi da tuni ya hau jirgin Makka." Aka yi ƴar dariya irin ta gidan makoki, wadda ake saurin binnewa da "Allah Ya jiƙan shi."

Ana cikin haka aka fito da akussa. Baƙi sun yi yawa, waina ta ƙare, sai aka ƙaro da dafaffen dankali da garin ƙuli. Na kwana a hanya ban ci komai ba, na sa hannu tare da jama'a.

"Wanga dankali na ina ne?" in ji wani tsoho kusa da ni. "Ba zaƙi, ba gari, sai ruwa."

"Na Najeriya ne," in ji dillalin. "Takin zamani ya yi mishi yawa."

Na haɗiye na farko, na haɗiye na biyu. Na uku da na ɗauka ba a fere shi sosai ba. Dogo ne, mai siririn wuya, an karye wuyan. Na kai shi hanci, na ji wani ƙamshi kamar na karas da ɗanyen ƙaro. Na san ƙamshin nan. Na miƙe na shiga cikin gida ko takalmi ban tsaya sawa ba.

Bari in yi bayani saboda wanda bai san Yayana ba. Akwai wani fure da Turawa ke kira daliya. A sama yana buɗewa kamar faifai, ganye bisa ganye. A ƙasa kuwa yana yin ƴaƴa kamar dankali, a manne da gindin kara. Waɗannan ƴaƴan su ne irinsa. In an tone su an adana, a mayar da su ƙasa wata shekara, furen ya dawo yadda yake. In sun hallaka, shi ke nan. Yayana ya fi shekara talatin yana riƙe da wannan fure a bakin tabkin Madarunfa, inda ba a halicce shi ya rayu ba. Duk bazara yakan tone ƴaƴan, ya binne su cikin busasshen rairayi a randuna, ya ajiye a ƙuryar ɗakin baya, yana yayyafa wa bayan randunan ruwa safe da yamma don su yi sanyi.

Na tarar da randunan a tsakar gida, a kife, rairayin a zube.

Ƙanwar matar Yaya, wadda ta zo daga Safo, ita ce ke kan tukwane. Ta gan ni ta ce, "Alhaji, sannu da hanya, ya haƙuri? A ƙaro maka ne?"

Na ce, "Hajiya, abin da ke cikin randunan nan, ina yake?"

"Dankalin? Ai Allah ne Ya rufa muna asiri da shi. Muna neman abin da za mu ba baƙi, sai ga shi Malam ya ɓoye, kamar ya san za a buƙata."

"Duka kuka dafa?"

"To mi za mu rage ma wa?"

"Wuyan fa? Kan da kuka karye?"

Ta nuna mini bayan danga da ludayi. Awaki suna tsaye a wurin, suna lasar baki.

Ba zan ɗora wa baiwar Allah nan laifi ba, ko a nan ko a gaban Ubangiji. Al'adarmu ce ta yi aikinta. A wurinmu wanda aka yi wa mutuwa ba ya taɓa tukunya. Matar mamaci tana ɗaki cikin takaba, kanta a sunkuye. Ƴaƴansa suna kan tabarma suna amsa gaisuwa. Dangi na nesa da maƙwabta su ke karɓe gida, su buɗe rumbu, su shiga kowane ɗaki, su dafa abin da suka samu, don kada mai kuka ya wahala. Na ga makoki a Abidjan, inda ake hayar masu girki. Na ga na Marseille, inda mutum biyar ke bin gawa su watse. Ban ga wanda ya kai namu tausayi ba. Amma ranar nan duk wanda ya san abin da ke cikin randunan an zaunar da shi, duk wanda ke tsaye kuma bai sani ba.

Da na leƙa ɗakin matar Yaya na faɗa mata, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Ka ci?" Na ce na ci. Ta ce, "Ni ma an kawo mini. Na ci ban ji ɗanɗanon komai ba, na ɗauka bakina ne."

Ni na jawo masa wannan fure. Ni ne ɗan yawon gidanmu. Na yi karen mota, na yi direba, na yi dako a tashar jirgin ruwa ta Marseille, na bi ƙasa ta Sudan zuwa aikin hajji. Shi kuwa Yaya, Katsina ce iyakar duniyarsa, ita ma don kai taba kasuwa. In na dawo yakan ce, "Bature ya sauka, a kawo mishi cokali." Wata dawowa na zo masa da tsaraba wadda ba ta ci mini komai ba: tsohon littafin tallar iri, irin wanda masu sayar da iri a Faransa ke aika wa masu lambu, na tsinta wurin mai sayar da tsofaffin takardu. Na ɗauka hotunan kabeji da tumatir za su burge shi, tunda mai garka ne. Ya wuce su duka. Ya tsaya a shafukan daliya.

"Wanga mi ake yi da shi?"

"Ba a yin komai. Kallo ake yi."

"Ba a ci?"

"Ba a ci."

"Ba magani ba ne?"

"Ba magani ba ne."

Ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce, "Karanta mini."

Yaya ajami kaɗai ya iya, don haka ni nake juya masa Faransancin. Masu littafin nan sun iya zuba. Wannan, in ji su, furensa ya kai faɗin faranti. Wancan fari ne kamar madara, ba ya sunkuyar da kai ko an yi iska. Wani sun ba shi sunan janar, wani sunan matar wani attajiri. Kowanne shi ne sarkin lambu, kowanne ba a taɓa ganin irinsa ba. Yaya ya ce, "Ashe su ma suna da ƴan talla. Wanga ai bakin mai maganin basir ne a kasuwar Maraɗi." Amma bai rufe littafin ba. Tafiyata ta gaba ta bi da ni Jos, inda daliya ke fitowa a bakin shinge ba mai kula ta, saboda sanyin dutse. Na roƙi wani mai lambu ya tono mini kala-kala, na ƙunso a buhu.

Shekarun farko asara ce. Littafin ya ce a shuka in sanyi ya wuce, a tone in sanyi ya dawo. Yaya ya bi maganarsa, ya shuka da ruwan farko. Zafi da damshin damina suka ruɓar da rabi, gara ta ci wani rabin. Ya sa na sake karanta masa wurin. Na kai inda suka ce furen zai yi ta buɗewa har ranar da sanyi ya kashe shi.

"Tsaya. Sanyi na kashe ice?"

Na ce masa na gani da idona. Akwai safiyar da raɓa ke zama ƙanƙara a kan ganye, kafin hantsi lambu duka ya yi baƙi kamar an bi shi da wuta.

"To su sanyi ke kashe musu, mu zahi ke kashe muna," in ji shi. "Littafin bai yi ƙarya ba, Bature. A kife muka riƙe shi."

Daga nan ya juya shekarar. Sai an kai gero rumbu, dare ya fara sanyi, sannan ya fito da randuna. Ya ware musu fangali guda a garka, ya yi masa rumfar karan dawa, wadda ke barin ranar safe ta shiga ta tare ta azahar. Ya raba ƴaƴan da wuƙar aski, ya shafa wa kowane yanka toka. A tsakiyar ɗari su yi fure. Da iska ta fara ɗumi ya daina ba su ruwa, ya tone, ya mayar da su rairayi. Ya kori sunayen janar-janar, ya raɗa musu nasa: Amarya, Ruwan Ƙwai, Mai Rawani. Akwai wani ja mai duhu, kamar jinin da ya kwana, wanda ya sa wa Gagarau.

In yana rabon nan ba a yi masa magana. Kowane ɗa sai ya fita da guntun gindin kara a wuyansa, domin a nan idon yake, ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gero, inda toho ke fitowa. "Jikin abinci ne kawai," yakan ce. "Ran yana wuya." Wanda ya fita ba ido yakan kira shi makaho. Makaho yana yin saiwa a ƙasa, ya sha ruwa, ya zauna da ransa, amma ba ya tsirowa. Duk da haka Yaya bai taɓa jefa wa akuya makaho ba. Yakan binne su a gefen fangali ya ba su ruwa tare da saura.

Mun yi faɗa sau ɗaya a kan furen nan, faɗa na gaske. Shekarar babban fari ce, tabki ya ja baya har ana tafiya a inda masunta ke jefa taru. Na zo da buhunan masara daga kudu, na ga mata suna kwana a layin rijiya, na shiga garka na tarar da fangalinsa kore. Na ce, "Yaya, ba ka jin kunya? Mutane na haƙa gidan tururuwa suna neman tsaba, kai kana shayar da abin kallo?" Ya ce ko guga ɗaya bai ja don furannin ba. A kansu yake alwala, a kansu yake wanke hannu, ruwan wankansa ma a kwano yake tara musu. Na ce ko ruwan alwala ne, da yakuwa ya zuba wa da yara sun sha miya. Ya ce in na gama wa'azi in rufe masa ƙofar garka. Har na koma ba mu ƙara magana ba, sai gaisuwa. Har yau ban ce maganata ba ta da kai ba. A shekarar nan Amarya ta mutu, Ruwan Ƙwai ya mutu, Mai Rawani ya mutu. Gagarau kaɗai ya fita.

Bayan shekaru matata ta rasu a Abidjan. Na dawo gida da jaka ɗaya, na shiga ɗaki, na daina magana. Ba gardama nake yi ba, maganar ce ba ta fitowa, a duk harsunan da na iya. Aka yi rubutu na sha, aka kai ni gidan likita a Maraɗi, ba abin da ya canja. Wata safiya Yaya ya shigo da littafin nan, wanda bangonsa ya riga ya rabu, ya ɗinke shi da zaren saƙa. Ya ce, "Tashi mu tahi garka, na mance abin da suka ce a kan taki." Ƙarya yake yi. Ya haddace littafin kamar Fatiha, in na tsallake layi yakan gyara mini. Amma ya zaunar da ni ƙarƙashin rumfar, ya buɗe, ya sa yatsa. Na karanta. Washegari ya ce ya mance abin da suka ce a kan tsutsa. Haka ya yi ta mantuwa har ɗari ya wuce, har na koma mutum. Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba.

A waɗancan kwanakin ne na tambaye shi dalilin wannan wahala duka. Yana tsugune yana ɗaure Gagarau a jikin sanda. Ya ce, "Duba garkar nan. Albasa, ciki. Tumatir, ciki. Zogale, ciki. Tun ina yaro ciki nike ma bauta. Ina son in riƙa ganin abu guda da Allah Ya yi ba don a ci ba."

Shi ne abin da muka ci, da garin ƙuli, muna yi masa addu'a.

Ban zauna karɓar gaisuwa ba bayan ranar nan, mutane sun yi ta magana. Na tone jujin bayan danga da hannuna. Na tankaɗe rairayin randunan da rariya. Da na ji cewa masu girki sun ƙulla ɗan abin da ya rage a bakin zane, kamar yadda ake yi, na hau amalanke har Safo. Ƙanwar matar Yaya ta tare ni tana kuka, ta ce jikokinta sun gasa shi a toka tun ranar, sun ma tofar. Na je garin Sarkin Yamma wurin wata da aka ce ita ma ta ɗiba. Ta ce ta zuba wa jaki.

Babban ɗan Yaya ya same ni ya ce, "Baba, ka bar wahalar da kanka. In hure ne, Jos na nan. Ni da kaina in kai ka tasha."

Na ce masa na Jos ɗan Jos ne. Na kawo kala-kala daga can, ƙasar nan ta kashe su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rage ya sha bazararmu fiye da talatin, ya sha fari, ya sha ruwan alwalar ubanka. Ba a sayar da wannan a ko'ina. Gidan da ya buga littafin ma, na taɓa nemansa a Faransa, na tarar ana sayar da takalma a wurin.

Abu ɗaya na samu. A gindin randa ta ƙarshe, manne da laka, akwai ɗa guda ƙarami wanda hannun masu girki bai kai gare shi ba. Na kai wa matar Yaya, domin idona ya yi rauni, ita kuwa ta daɗe tana riƙe masa kwanon toka in yana rabo. Ta shafa wuyan da babban yatsa, ta juya, ta sake shafawa.

"Makaho ne," in ji ta.

Na ce, "A duk waɗanda yake binnewa a gefen fangali, ba wanda ya taɓa fitowa?"

"Ni dai ban gani ba."

"To don me yake ba su ruwa?"

"Na tambaye shi. Ya ce ba shi ya halicce su ba, balle ya yanke musu hukunci."

Ban koma Kwatano ba. Na mayar da shi rairayi, na yi ta yayyafa wa randar ruwa har damina ta wuce. Da aka kai gero rumbu na gyara rumfar, na shuka shi a tsakiyar fangali, shi kaɗai. Yanzu ɗari ya raba. Kwanan baya na kasa daurewa, na tona gefensa da yatsa. Ya yi saiwa farare, masu yawa, sun kama ƙasa. Yana da rai. A sama ba komai. Ɗan Yaya bai ce mini in tashi ba, yaron kirki ne, amma ina ganin dashen albasarsa yana tsufa a gefe, shi kuma yana kallon fangalin yana kallona. In zafi ya shigo, makahon zai cinye abincin jikinsa ya bushe, ba abin da zan mayar randa.

Tuni matar Yaya ta fita takaba. Ranar da ta fara zuwa garka ta tarar da ni ina zuba wa ƙasa tsirara ruwa. Tun ina saurayi take tsokanata, irin wasan matar wa da ƙanen miji, amma tun rasuwar ba ta yi ba. Ta tsaya ta ce, "Kai Bature, duk yawon duniyar taka, ban-ruwa ma ba ka iya ba. Kana zuba mishi a ka, ruɓewa za shi yi. Kawo nan." Ta karɓi butar ta zagaya da ruwan gefe-gefe, yadda Yaya yake yi.

Ita ce ta tuna mini abin da ya sa na zauna na rubuta wannan. Yayana ba ya hana kowa furen nan. Duk wanda ya tsaya a bakin danga ya ce kai, wannan abu da kyau, in lokacin tono ya yi sai ya aika masa da ɗa guda a ƙunshe cikin ganye. Ya ba direbobi, ya ba wata ungozoma da aka mayar wani gari, ya ba matar wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya ba mutanen da ba mu san sunansu ba. Na san yawanci sun mutu a bazarar farko. Amma ba na jin duka ne.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan ya isa gare shi, daga Maraɗi har Katsina. Yanzu ne lokacin furensa. Ku duba bayan ɗakunanku, ku duba gindin randa, ku duba gidan maƙwabta. Ja ne mai duhu, faɗinsa kamar tafin hannu, karansa da rami a ciki. In wani tsoho mai garka a bakin tabkin Madarunfa ya taɓa ba ku, ko ya ba uwarku, ku zo ku tambayi garkar mai hure, kowa zai nuna muku. Ina nan daga safe har la'asar. In ba ku iya zuwa, ku bari iska ta yi ɗumi, ku tono shi da gindinsa duka, ku sa a busasshen rairayi, ku aiko. Ku gaya wa mutanen gida ba dankali ba ne. Kuma don Allah kada ku karya wuyan.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka daga ƙasa mai zafi. Ka gafarta masa, Ka sanyaya makwancinsa kamar yadda ya yi ta sanyaya randunan nan, Ka zaunar da shi a lambun da ba a tone komai don gudun bazara. Amin.